Iyaye mata, wa ke riƙe muku yara kafin tukunya ta sauka?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Ni malamar firamare ce, muna zaune a Ɗorayi, yarana uku. Ina dawowa daga makaranta biyu ta gota, kuma kafin la'asar sai an ci abinci, an watsa ruwa, manyan biyu sun saka kayan islamiyya sun fita. A wannan tsakanin Auta, mai shekara 2 da rabi, yana maƙale da zanina, ga gas a kunne, ga mai a wuta. Abu ɗaya ne ke raba ni da shi: in kunna masa katun a waya in zaunar da shi a falo. Jiya ƙanwar Abbansu ta zo ta tarar da shi haka, ta ce ina kashe masa ido da ƙwaƙwalwa. Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci. Ku da kuke aiki ko sana'a, wa ke riƙe muku yara a irin wannan lokacin?

Ummu Sultana: Wa alaikumus salam. Maman Hanif ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Ni a Hotoro nake, ina yin zoɓo da kunun aya da cincin, duk cinikina a waya yake. To wayar nan ita ce shagona, ita ce kuma mai renona. Ranar Litinin na miƙa wa Sultana ina tace zoɓo, ashe ta bar katun ta shiga WhatsApp. Wata kwastoma ta tambayi ko akwai mai sanyi, yarinyar nan ta danna ta yi mata saƙon murya: "Anti akwai, amma na yau bai ji sukari sosai ba, Mamanmu ta ce sukari ya yi tsada a Singa." Matar ta kira ni tana dariya har da tari, ta ce a kawo mata gora goma, ita dama mai ƙarancin sukarin take nema.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya raya Sultana, ta iya kasuwa tun yanzu. Ni nawa ba waya ce matsalarsu ba, wanka ne. Husaini agwagwa ne, Hassan kuwa ko alwala sai an yi da gaske. Kwanakin baya na lura kullum Hassan wuyansa da dauɗa alhali na san na cuɗa shi. Ashe yarjejeniya suka ƙulla: Husaini ya shiga a yi masa, ya fita ya zaga ta bayan labule ya dawo a matsayin Hassan a sake yi masa, shi kuma gogan yana ƙarƙashin gado da tawul a ɗaure. Gambo ce ta tona, don sun hana ta alawar madara.

Amaryar Bana: Wayyo cikina. Anti don Allah ke ma ba kya bambance su?

Maman 'Yan Biyu: Ina bambancewa mana, da rana. Amma da sanyin asuba, an ɗauke wuta, ina riƙe da tocila a baki, kowa kansa a sunkuye cike da kumfa? Ki bari naki su zo, Allah ya sauke ki lafiya.

Maman Ilham (Nas): Bari in amsa ainihin tambayar kafin hira ta ɗauke mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ta ce shi ne yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Babban dalilin shi ne yaro a wannan shekarun da hira yake koyon magana: ya faɗa a amsa masa, ya nuna abu a gaya masa sunansa. Waya tana yi masa magana amma ba ta jiran amsarsa. Sai kuma zaman wuri ɗaya da hana barci idan an kai dare ana kallo.

Don haka Maman Hanif, idan rabin awar da kike soya abu ne, Autanki bai fita daga iyaka ba. Kuma ni da nake ganin yaran da ake kawowa da ƙunar mai da ta ruwan zafi, wallahi na fi son ya zauna a falo da katun a kan ya tsaya gindin kasko. Inda nake jan kunne shi ne lokacin cin abinci da lokacin kwanciya. Yaron da ya saba sai da waya yake buɗe baki, ranar da babu caji ba zai ci ba.

Hajiya Babba: 'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Ni na haifi tara a cikin birni, a gidan da muke mu huɗu matan 'yan uwa, ga surukarmu, ga gwaggon maigida da ta dawo gida da zama. Ban taɓa sanin wai a rasa mai riƙe yaro ba. Ranar girkina, wadda ba ta da girki ita ke goya mini. Yaro ya fara rarrafe, akwai 'yan mata biyar da ke rigimar ɗaukarsa. Ya isa yaye, a kai shi wurin kakarsa ya kwana biyu ya manta da nono. Da yamma duk su fita ƙofar gida, maza na langa, mata na 'yar gala-gala da carafke, duk dattijon da ke zaure ubansu ne, ya tsawata wa naka ya tsawata wa nasa. Ku kuma yanzu kowace ta ce sai gidanta ita kaɗai, a ja get a rufe, maƙwabciyarki ko sunan 'ya'yanta ba ki sani ba. Aikin mutum shida kuka ɗora wa mutum ɗaya, dole ku nemi taimakon waya. Ni ban ga laifin Maman Hanif ba, laifin irin zaman ne.

Maman Walid: Hajiya Allah ya ƙara girma, gaskiya kika faɗa, amma a yi mana adalci. Ba kowace ce ta zaɓi zaman kaɗaici ba. Gidajen cikin birni sun cika, an raba gado an yanka su ɗaki-ɗaki. Inda mutum ya samu haya ko fili daidai ƙarfinsa nan yake tafiya, shi ya sa kika ga an watsu Rijiyar Zaki, Ɗanbare, Naibawa, Mariri, Jaba. Mahaifiyata tana Yakasai, ni ina Na'ibawa, ina aiki a sakatariyar Audu Bako. Da can nakan biya in ajiye mata Walid da safe in ɗauke shi da yamma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi, wannan zagayen ya fi ƙarfin albashina.

Batun fita ƙofar gida kuma, Hajiya kin tuna 2019 da aka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai su Anaca? Tun daga lokacin ni dai ko aiken kanti ba na yi wa ƙaramin yaro. Get ɗin da muke rufewa tsoro ne ya sa, ba girman kai ba.

Hajiya Babba: Haka ne 'yar nan, Allah ya tsare mana zuri'a. Ban ce ku sake su a titi ba. Amma cikin layinku ba za a rasa mace ɗaya mai amana ba. Ki fara aika mata da ɗan abin da kika dafa, ranar suna ki shiga, ranar rashin lafiya ki leƙa. Ba ranar da kike neman mai riƙe yaro za ki fara sallama ba.

Ummu Sultana: Wannan kam gaskiya ne. Ni maƙwabciyata 'yar Gaya ce, tela. Ranar da nake da odar biki yarana suna wurinta, ranar da ɗinkin anko ya taso mata nata suna wurina. Illa dai duk sirrin gidanki sai ya tsallaka katanga. Ɗanta ya taɓa ce mini, "Anti, Sultana ta ce Abbansu yana tsoron ƙadangare." Na rasa inda zan sa fuskata, don gaskiya ne, in ya gani a banɗaki ni yake kira.

Maman Khalifa: Ni dai maganin da na samu 'yar aiki ce. An kawo mini yarinya daga ƙauye, tana goyo, tana wanke-wanke, ina fita shagona a Kwari hankali kwance. Ban ga abin wahalar da kai ba.

Malama Ummu Abdallah: Maman Khalifa, shekarunta nawa?

Maman Khalifa: Za ta yi goma sha ɗaya.

Malama Ummu Abdallah: To 'yar uwa ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don Allah nake faɗa. Yarinya 'yar shekara 11 ita ma renonta ake yi. Ina koyarwa a islamiyya, ina ganinsu: su rako 'ya'yan gida har bakin aji ɗauke da jakunkuna, su tsaya a taga suna leƙe, su juya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a ƙasar nan karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, ba ta ware 'yar ƙauye ba. Ko babu doka ma, amana ce iyayenta suka ba ki. Kuma ta fuskar ɗanki, idan ya shaƙe da abinci ko ya jawo ruwan zafi kina Kwari, me yarinya 'yar 11 za ta iya?

Maman Khalifa: Malama ni fa ba na zaluntarta. Abin da 'ya'yana suka ci shi take ci, kayan Sallah tare nake ɗinka musu. A garinsu ma talla take yi ba makaranta ba. Iyayenta da kansu suka roƙa.

Maman Walid: Ba wanda ya ce kina zaluntarta. Amma tun da Allah ya kawo ta hannunki, ki saka ta ko islamiyyar yamma ce tare da su Khalifa, da safe kuma ki nemi babbar mace mai zuwa ta tafi. Akwai zawarawa da dattijai da yawa masu neman irin wannan aikin, kuma sun san kan yaro.

Maman Khalifa: Islamiyyar zan yi magana da Abbansu. Babbar mace kuwa na taɓa gwadawa, ba mu daidaita ba, komai na ce sai ta ce ba haka ake yi ba. Kowa dai da yadda ya ga ya fi masa.

Maman Walid: Yauwa, kin ambaci Abbansu. Tun ɗazu ake lissafa masu riƙe yara: waya, kaka, maƙwabciya, 'yar aiki. Ba wadda ta ce uba. Me ya sa?

Maman 'Yan Biyu: Saboda ya fita tun bakwai, sai bayan isha. Nawa a Singa yake, in ya dawo ƙafarsa ma a kumbure take. Ba zan miƙa masa yaro ba.

Malama Ummu Abdallah: Wanda ke fama da nema a yi masa uzuri, Allah ya buɗa. Amma a daina ɗaukar riƙon yaro a matsayin abin kunya ga namiji. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. Wannan duk ya inganta. Mu a nan mutum zai zauna a majalisa daga magariba har goma, matarsa na ciki da jariri a baya, wani a cinya, tana tuƙa tuwo.

Maman Ilham (Nas): Ni dole ce ta koya wa nawa. Satin da nake aikin dare shi ne uwa shi ne uba. Farkon lamarin na dawo da safe na tarar ya shirya Ilham tsaf, ya saka mata yunifom gaba a baya, aljihu yana gadon bayanta, safa ɗaya fara ɗaya ta Abdul mai zanen ƙwallo. Kitso kuwa ya ɗaure da kyauron da ake ɗaure kuɗi. Ita kuma sai murna take, wai Abba ya ce yau ita ce ta fi kowa kyau a Tarauni. Ban gyara a gabansa ba, sai da muka fita soro. Yanzu ya iya dama koko ba gudaji, ya san wanda ba ya cin ƙosai da yaji, har kalba yana yi mata guda biyu manya. Idan namiji ya taɓa aiki kika bi shi da gyara da dariya, ba zai sake taɓawa ba.

Amaryar Bana: Ina rubutawa a littafi wallahi.

Hajiya Babba: Mu a zamaninmu ɗan fari ko sunansa ba ka faɗa, balle uba ya ɗauke shi a gaban mutane. Amma na ga ɗana yana goya 'yarsa a kafaɗa ya kai ta Gidan Zoo ranar Lahadi, matarsa ta samu ta yi barcin rana, kuma ban ga abin da ya ragu a jikinsa ba. Jikan nawa namiji, mijina na kaina, shi ne ya ba ni dariya da azumin bara. Ya yi rabin yini ranar farko, rabi rana ta biyu, na ce masa kawo in ɗinke maka su zama ɗaya, yadda aka yi mana muna yara. Sai ga shi da allura da baƙin zare daga ɗakin uwarsa, ya zauna a gabana ya tanƙwashe ƙafa, wai shi sai ya ga ɗinkin da idonsa, kuma in yi ƙanana kada azumin ya zube.

Ummu Sultana: Hajiya to ya kika yi?

Hajiya Babba: Na ce masa sai bayan tarawi ake ɗinkin, kuma ba a yi a gaban mai azumin. Ya bar mini allurar ya tafi. Da asuba ya zo dubawa, na ce an gama, an kai ajiya.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, zuciyata ta yi sanyi. Amma akwai wani ɓangaren. Ni malama ce, ina ganin yara suna gyangyaɗi a aji tun ƙarfe tara. Boko daga safe zuwa biyu, islamiyya zuwa shida, wasu ga mai lesin bayan magariba, wasu ga hadda da asuba. Sai ƙarfe tara na dare yaro ya tuna an ba shi aikin gida, ko yana saka takalmi da safe ya ce, "Mama, Anti ta ce a zo da kwali da auduga da gam." Mu muna gudu, su ma mun saka su gudu. Anya ba mu yi musu yawa ba?

Maman Ilham (Nas): Mun yi. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, ɗan firamare kuma awa 9 zuwa 12. Ki lissafa: yaron da za a tasa biyar da rabi, ya kamata tara ta same shi ya yi nisa. Yawancin rigimar safe da muke cewa taurin kai ne, barci ne bai ishe su ba.

Malama Ummu Abdallah: Na yarda da batun barci, amma duk lokacin da aka ce a rage, islamiyya ake kallo. Mu Alhamis da Juma'a hutu ne tun asali, kuma awa biyu ce zuwa uku. Lesin ɗin da ake ƙarawa bayan an biya kuɗin makaranta fa? Ɗan nazare me zai yi da mai lesin?

Maman Khalifa: Malama in ba lesin yaro ba ya cin jarrabawa yanzu. Ajinsu Khalifa cike yake, malami ɗaya ba zai bi kowa ba. Ni kuma ba na gida balle in zauna da shi.

Maman Hanif: Ɗan aji biyar ko shida mai shirin jarrabawar shiga sakandare, na fahimta. Amma ɗan shekara 4, wallahi in kika zaunar da shi yana tsince miki wake yana ƙirgawa, ko kuna gyaran zogale kuna hira, ya fi amfana da wannan. Hanif a wurin raba ƙosai ya koyi lissafi. Guda ɗaya ya ƙaru a kwanon ƙanwarsa sai ya gano, ko daga ƙofar ɗaki ne.

Maman Khalifa: Ke malama ce, kin san yadda za ki yi. Ni dai ba zan cire ba.

Maman 'Yan Biyu: Kowa ta duba ɗanta. Ni na cire wa 'yan biyu na dare na bar na Asabar. Wani abin kuma, cikin masu zama Rijiyar Zaki ko Kabuga, akwai wadda ke da amintaccen mai adaidaita da ke kai yara makaranta wajen Gadon Ƙaya? Namu ya koma ɗaukar kaya a Dawanau. Ina son dattijo, wanda ba ya cusa yara har gefen direba, kuma in mun haɗu mu biyu ko uku kuɗin zai zo da sauƙi.

Maman Ilham (Nas): Yayata tana Kabuga, nata ya shekara uku yana kai mata, har cikin get yake shigar da su ya jira su shige aji. Kada a saka lamba a nan, ki yi mini magana ta gefe in haɗa ku. Ina jin akwai wurin yara biyu, na ukun sai kun tambaye shi.